Sai na warke zan koma rubutu, ko rubutun ne zai warkar da ni?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta saƙonki tun daren jiya amma ban so in amsa da gaggawa ba, sai da na yi asuba hankalina ya dawo jikina. Bari in maimaita abin da kika faɗa a taƙaice saboda na san akwai masu irin damuwarki da yawa da suka yi shiru. Kin ce kina zaune a Idi-Araba nan Legas, kin taɓa rubuta labari har babi 40 a wayarki kina turawa guruf na WhatsApp, tsohon mijinki ya gani ya ce da shi kike, ya karɓe wayar ya goge komai, daga baya ma auren ya mutu. Yau shekara biyu kenan duk sanda kika buɗe waje za ki rubuta sai hannunki ya kama rawa, wata murya a ranki ta ce wace ce ke, baƙa, Bahaushiya, ba digiri, a garin da marubutansa Turanci suke yi kamar a bakinsu aka haife shi. Tambayarki biyu ce, ki jira sai kin warke ko ki fara a haka, sannan ta ina ake samo yarda da kai.

Ni aikina gyaran rubutu ne, edita, na haura shekara 15 ina yi, kuma duk Asabar ina zama da mata masu rubutu a wani ajin islamiyya da ake ara mana nan Agege bayan yara sun tashi. Ni ba likita ba ce, inda maganar ta zama ta likita zan faɗa miki ki tafi wajensu. Amma wannan rawar hannun da kike faɗa na gan ta da idona ya fi a ƙirga.

Kar ki jira. Amma fa kar ki koma kan wancan labarin da aka goge yanzu, kuma kar ki tura komai a guruf. Abin da yake kashe mata da yawa shi ne suna haɗa rubutu iri biyu a kwano ɗaya, alhali kowanne da aikinsa. Akwai rubutun magani, wannan naki ne ke kaɗai, ba mai karantawa, ba ruwanki da ƙa'idar rubutu ko daɗin zance, ki yi zagi a ciki idan zagin ne ya zo, ki yi kuka takardar ta jiƙe. Sannan akwai rubutun da ake fitarwa mutane su karanta, shi kuma sana'a ne kamar ɗinki, ana aunawa ana yankawa ana farkewa a sake. Matsalar ita ce mace ta rubuta na farkon da tsakar dare ciwon yana ɗanye, gari na wayewa ta tura wa mutum 300, sai wata da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ta ce wannan jarumar ai sakarya ce me ya hana ta fita tun farko, to kin ga wannan ba labari aka soka ba, ke aka soka a inda yake zubar da jini, kuma daga ranar sai ƙwaƙwalwarki ta riƙe cewa rubutu wuta ne. Hannunki da yake rawa ba rashin baiwa ba ne wallahi, jikinki ne ya tuna cewa karo na ƙarshe da kika rubuta gaskiyarki an hukunta ki, yana so ya kare ki. Sai a hankali za ki koya masa cewa yanzu ba mai ƙwace wayar.

Shi rubutun maganin har bincike an yi a kansa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, a 1986 ya sa ɗalibai su riƙa rubutu na minti 15 kwana huɗu a jere, wasu a kan abin da ya fi ƙona musu rai a rayuwa, wasu a kan abubuwan yau da kullum marasa nauyi. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji, a watannin da suka biyo baya sun rage zuwa asibitin makaranta. An maimaita irin gwajin sau da yawa daga baya, amfanin yana nan amma ba mai yawa can ba ne kuma ba kowa yake yi wa aiki ba, don haka kar wani ya ce miki biro zai maye gurbin likita. Abin da nake so ki riƙe daga ciki shi ne a ranakun da ake rubutun mutane sun fi jin baƙin ciki, sauƙin daga baya yake zuwa. Idan kin rubuta kika ji ƙirjinki ya yi nauyi na awa ɗaya ko biyu ba ɓaci abin ya yi ba. Ki sayi littafin rubutu na 'yan makaranta mai shafi 60, ba waya ba, ki sa agogo minti 15 zuwa 20, in ya buga ki rufe ko kina tsakiyar jimla, ki tashi ki yi alwala ko ki ɗora ruwan shayi ko ki fita ƙofar gida ki ga mutane. Kwana huɗu, sai ki huta. Kar ki yi shi dab da kwanciya barci. Kuma idan akwai wani abu da kika ji in kin taɓa shi za ki zauce, ki bar shi tukuna, ki rubuta na gefensa.

Nan ne maganar likita ta shigo. Idan barci ya ƙaurace miki sati biyu ko fiye, ba kya cin abinci, abin da ya faru yana dawo miki kamar yanzu ake yi, ko kuma tunanin gara mutuwa ya fara leƙo ki, ki ajiye littafin ki je asibiti. Ke da kike Idi-Araba ga asibitin koyarwa na LUTH nan a bayan gidanki suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba. Na san yadda muke jin sunan Yaba a garin nan, da an ce Yaba sai a ce mahaukata, to mafi yawan masu zama a bencin nan mutane ne irina irinki da damuwa ta yi wa yawa. Idan kuma a cikin abin da ya same ki akwai fyaɗe ko cin zarafi irin wannan, akwai cibiyar Mirabel a cikin asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, aikinsu kenan kuma ba sa karɓar kuɗi. Ki ci gaba da addu'arki da azkar ɗinki, ki haɗa da magani, ba kishiyoyi ba ne.

Yanzu maganar goge labarin. Ina so ki san wata mata da aka haifa a garin nan na Legas a 1944, Buchi Emecheta. Ta bi mijinta Landan tana yarinya, ta rubuta littafinta na farko da hannu ta ba shi ya karanta, ya ƙone shi ƙurmus. Ta bar shi tana da shekara 22, ta riƙe 'ya'ya biyar ita kaɗai a ƙasar mutane, tana aiki tana karatun digiri tana rubutu, kuma wancan labarin da aka ƙone ta sake rubuta shi ya fito a 1976. Ki lura ba washegari ta sake rubuta shi ba, sai da shekaru suka shiga tsakani, ta fitar da wasu littattafan kafin shi. Shi ya sa na ce miki ki ƙyale babi 40 ɗin nan tukuna. Ba su ɓata ba, wanda ya goge waya bai goge kanki ba, kuma ranar da kika koma kansu ba irin na da za ki rubuta ba don ke ma ba ta da ba ce. Abu ɗaya dai, daga yau duk abin da kika rubuta na fitarwa ki tura wa kanki ta imel a ranar, imel ɗin da ke kaɗai kika san lambar sirrinsa.

Batun digiri kuwa, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana wajen shekara 13, daga baya ta koma karatun manya, ta yi rubutunta da Hausa tsantsa a kan auren dole da kishi da wulaƙancin da ake yi wa mata a gidajen aure, a lokacin da masana suke kiran irin littattafan nan adabin kasuwar Kano da sigar raini. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya fitar da fassarar littafinta da Turanci, yau ana karanta ta a jami'o'in waje. In kika ƙara komawa baya ga Nana Asma'u 'yar Shehu, 1793 zuwa 1864, da Larabci da Fulatanci da Hausa take rubutu, ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru tana tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka su koyar da mata da waƙoƙinta. Kuma abin da mutane ba su cika faɗa ba, cikin waƙoƙin nata akwai marsiyyoyi da yawa, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa aminiyarta A'isha. Wato mace ta zauna ta zuba baƙin cikinta a takarda ba baƙon abu ba ne da muka aro daga Turawa, gadonmu ne, a gidan malamai ma aka yi shi.

Kin ambaci baƙar fata, kuma a nan nake so in daɗe don akwai abin da yake ci mini rai. 'Yan'uwanmu mata baƙaƙe na Amurka da Ingila yaƙinsu da masu ɗab'i farare ne da suke ganin labarin baƙar mace ba zai sayu ba. Mu a Legas kowa baƙi ne, namu ciwon ta wata ƙofa yake shigowa. Na farko, ke Bahaushiya ce a garin da mutane da yawa in an ce Bahaushe mai gadi suke gani ko mai acaba ko mai tumatir a Mile 12. Ni kaina na taɓa kai aiki wani kamfanin ɗab'i a tsibirin Legas, na sha gosulo tun daga Agege, na shiga da hijabina na zauna, matar da ke teburin karɓar baƙi ta dube ni sama da ƙasa ta tambaye ni wa ya aiko ni da saƙon, ta ɗauka 'yar aike ce, da na ce ni ce editar sai ta sake tambaya har sau biyu. Na fito na shiga danfo ina share hawaye da gefen hijabi har Oshodi, kuma na yi wata guda ban iya taɓa aikin ba. Don haka ban ɗauki abin da kike ji da wasa ba.

Na biyun shi ya fi zafi don daga cikin gida yake. Ɗauko littattafan soyayyarmu goma ki duba jarumar. Fara sol, dogon hanci, gashi har gadon baya, kamar Balarabiya ko 'yar Indiya, in kuwa aka ce baƙa ce gajera to ki jira, ita ce muguwar kishiya ko 'yar aiki. Kuma wa yake rubuta wannan, mu ne, mata baƙaƙe da hannunmu. Akwai wata yarinya a zamanmu na Asabar, baƙa ce kyakkyawa irin baƙin nan mai sheƙi, ta kawo labari a kan abin da ya faru da ita da kanta, amma ta mai da jarumar fara mai idon mage. Na tambaye ta me ya sa, ta yi shiru tana murza bakin littafin, can ta ce Anti in na ce baƙa ce ba wanda zai yarda Alhajin ya so ta. Ajin ya yi tsit, wata dattijuwa mai sayar da waina da take zuwa sauraro kawai ta ce la ilaha illallahu. To ki gaya mini ta yaya mace za ta yarda da alƙalaminta alhali ba ta yarda fuskarta ta cancanci shiga labarinta ba. Toni Morrison, baƙar Ba'amurkiya da ta ci kyautar Nobel a 1993, littafinta na farko da ya fito a 1970 tana da shekara 39 a kan wannan ciwon ne, yarinya baƙa da take roƙon Allah ya ba ta shuɗin ido don a so ta, kuma tana rubuta shi ne tana aiki tana renon 'ya'ya biyu ba miji. Aikin da na ba yarinyar nan shi zan ba ki, ki rubuta shafi ɗaya kina siffanta mace mai kalarki da hancinki da jikinki, wani yana kallonta yana jin daɗi, ba tare da kin sa kalmar amma ba. Ba a yarda da baƙa ce amma kyakkyawa ba. Za ki sha mamakin yadda shafi ɗayan nan yake da wuya, ita sai da ta yi sati uku.

Yarda da kai kuma, gaskiyar da na gani a shekarun nan ita ce ba ta zuwa kafin aiki, bayansa take biyowa. Mata suna zaune suna jiran ranar da za su tashi su ji a ransu cewa sun iya sannan su fara, ranar nan ba ta zuwa, har waɗanda suka fitar da littafi goma in sun buɗe sabon shafi gabansu faɗuwa yake. Abin da ya bambanta su da ke shi ne suna da shaida, in muryar nan ta ce ba ki iya ba sai su dubi abin da suka gama a baya. Ke shaidarki aka goge, shi ya sa muryar ta samu fili. Sai ki tara sabuwa, kuma ƙarama za ki fara da ita. Gajeren labari mai shafi huɗu ko biyar a kan abin da bai shafi aurenki ba sam, mai kitso a layinku, rigimar ruwa a gidan haya, yaron da ya zo daga Arewa a motar shanu ya sauka bai san kowa ba, matar da ta shekara 30 a Legas ba ta taɓa ganin teku ba. Mu Hausawan Kurmi muna zaune a kan labaran da ba a rubuta ba, kowa yana ta rubuta Kano da Abuja da gidajen masu kuɗin da bai taɓa shiga ba. Ki rubuta kalma 300 a rana, bayan asuba kafin gida ya tashi ko a cikin mota in kin samu wajen zama, kalma 300 sau kwana 200 ya ba ki 60,000, littafi guda kenan. Ki gama labarin ko da kina ganin bai yi kyau ba, ki rubuta ƙarshe a ƙasansa da kwanan wata. Gamammen labari mai rauni ana iya gyara shi, ni aikina kenan kullum, wanda ba a rubuta ba ne ba ni da yadda zan yi da shi.

Sannan ki zaɓi masu karanta miki kamar yadda kike zaɓar wadda za ki bar wa ɗanki. Mutum biyu sun isa. Kar ki tambaye su ya yi daɗi, don mai sonki zai ce ya yi, mai hassada zai ce bai yi ba, duka ba ki ƙaru ba. Ki ce su nuna miki inda suka gaji, inda suka ruɗe, da inda suka ji abin a jikinsu. A ajinmu muna da doka, ba a ba da haƙuri kafin karatu. Don duk macen da ta miƙe sai ta fara da ku yi haƙuri ban iya ba shirme ne kawai, tana rufe baki da mayafi, tun kafin a soke ta ta soki kanta. Yanzu duk wadda ta ba da haƙuri sai ta zauna ta sake miƙewa ta faɗi sunan labarin kawai ta fara. Ƙaramin abu ne amma bayan wata biyu har tsayuwarsu canzawa take. Kuma ki koyi raba suka da zagi, wanda ya ce babi na uku ya yi tsawo ya ba ki kyauta ko da da ɗaci ya faɗa, wanda ya ce 'yar mutunci ba ta rubuta irin wannan ba da rubutun yake ba, da ke yake, ba ki da bashin ba shi amsa.

Ranar da za ki koma kan babban labarin, wanda ya taɓa rayuwarki, alamar da nake ba mata ita ce in kin iya karanta abin da ke cikin littafin maganin nan ba tare da kin kwana kina kuka ba, kuma kin iya rubuta mutumin da ya cuce ki a matsayin mutum, da dariyarsa da tsoronsa da ranar da ya yi alheri, to ciwon ya yi tabo ana iya taɓa shi. Ko a lokacin ki sauya gari, ki sauya sana'a da yawan 'ya'ya, ki haɗa mutum biyu su zama ɗaya, ki ce ta maimakon na. Wannan zai kare ki daga rigimar dangi da ta shari'a da kuma nauyin tona asiri da na san yana damun duk mai tsoron Allah, ga shi in kuna da yara wata rana za su karanta. In kin ga dama ki yi amfani da sunan alƙalami, marubutanmu mata da yawa da sunan 'ya'yansu aka san su, Maman wance, Ummu wane, ba wanda ya ce sun gaza.

In kin gama gajerun labarai biyu ko uku, ga gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, ta mata ce zalla kuma da Hausa, ki duba ƙa'idojin shekarar ki tura, ko ba ki ci ba kin saba da sakin aiki daga hannunki. Ki riƙa leƙa tarukan littattafai na garin nan ma, akwai wanda ake yi a Freedom Park wajen watan Nuwamba, akwai bikin Ake da ya dawo Legas daga Abeokuta. Ki je da hijabinki ki zauna a layin gaba, in an ba da damar tambaya ki ɗaga hannu ko da Turancin zai karye, kuma ki ja wata 'yar'uwa ku tafi tare don karon farko shiga irin wajen nan ke kaɗai akwai nauyi.

Yau dai ki aika a sayo miki littafin mai shafi 60 da biro, gobe bayan asuba ki yi minti 15 ɗinki na farko, ki ɓoye shi inda kike ɓoye kuɗin adashi. In kin kammala kwana huɗun ki sanar da ni yadda barcinki yake da yadda hannun yake, daga nan sai mu yi maganar gajeren labarin. Allah ya yaye miki, ya sanya albarka a alƙalaminki, ki gaishe mini da Mama.